Yadda Ake Zama Maharbin Barewa a Lyon Kafin Tsohonka Ya Sauka

Ɗan'uwa, zauna ka natsu. In kai ne mutumin da ya baro gida da sunan karatu, ya samu aikin biro, ya ajiye ɗan tumbi, sannan wata rana bakinsa ya riga hankalinsa fita, to wannan jagora taka ce. Bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka zaɓi bindigar farautar barewa, ka iya kula da ita, kuma sunanka ya kai inda ƙafarka ba ta taɓa takawa ba. Ba a taɓa bin hanyar nan aka ji kunya ba. Gaskiya dai mutum ɗaya ne ya taɓa bin ta.

Sunansa Illo. Injiniya ne a wani labo, ɗakin gwaje-gwaje, da ke Bron a gefen Lyon, inda yake wuni yana auna tsabtar ruwa. Ubansa, Baba Dodo, shi ne maharbin ƙarshe a wani ƙauye bayan Dakoro, kuma Illo ne kaɗai ɗansa namiji. Da shi za mu riƙa misali.

Mataki na 1: Fara da maganar, bindiga ta biyo baya

Sababbin shiga suna zaton bindiga ake fara saye. Kuskure ne babba. Maharbi na gari da baki yake farawa.

Jira ranar da ka sayi katin waya ka kira gida, aka je aka taso tsohonka daga inuwa, ya zo shagon mai tarho yana haki. Bari ku gama gaisuwa, ku gama sanyi da ruwan sama da lafiyar iyali. Haka Illo ya yi, sai ya ji muryar Baba Dodo ta sauka ƙasa.

"Illo, bindigar ga na rataye ta. Ido ya ƙi, dajin ma ya ƙare. Kakanka ya ba ni ita, ni ko ban san wa za ni ba ba. Lakwal, bokon nan, ta ƙwace ka daga hannuna."

Illo bai taɓa jin ubansa ya yi magana haka ba, kuma abin ya soke shi har cikin ƙirji. A safiyar ranar kuwa ya wuce wata alama a bakin babbar hanya, an zana barewa tana tsalle. Kafin ya ankara sai ya ji kansa yana cewa, "Haba Baba, ai nan ma muna taɓa farauta. Barewa har alama ake sa mata a kan hanya."

Lura da gwaninta: rabin maganar gaskiya ne. Masana wannan fanni sun tabbatar cewa ƙarya mai rabin gaskiya ta fi daɗewa ba ta lalace ba.

Tsohon ya fashe da dariyar da Illo ya rabu da ji tun yana yaro. "Ashe gidanmu bai mutu ba! Kai jama'a, ku zo ku ji!"

Idan ka ji an ce jama'a su zo su ji, ka gama mataki na ɗaya. Babu komawa baya.

Mataki na 2: Aika da shaida

Maharbin da ba a taɓa cin namansa ba, ba a daɗewa ake fara yi masa kallon gefe. Saboda haka hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka je Vaulx-en-Velin wurin mahaucin halal, ka nuna masa cinyar saniya, ka ce ya cire kitsen tas. Roƙi matarka ta yanyanka shi fale-fale. Matar Illo, Hassia, ta yanka, ta kwaɓa tunkuza da yaji, suka busar a murhun lantarki, hayaƙi ya cika gidan har maƙwabciya ta zo buga ƙofa.

"Wallahi Illo, ni ba ruwana," in ji Hassia tana buɗe taga. "Ran da abin nan ya tashi, tu te débrouilles, kai za ka san yadda za ka yi."

Kada wannan ya dame ka. Duk matar da ta ce ba ruwanta alhali wuƙa na hannunta, tana tare da kai.

Yanzu nemi ɗan aike. Kada ka nemi mai riƙe sirri, nemi mai baki. Illo ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ya sauka unguwar Château Rouge wurin Alhaji Saley, mai sayar da atamfa da shadda, wanda ke zuwa Maraɗi a kai a kai. Alhaji ya kwance ƙullin da sunan duba ko kwastan za su yi magana, ya ɓalli ɗan yanki, ya tauna, ya lumshe ido.

"Allahu akbar. Kai, ana jin daji a ciki. Naman shanu ba ya yin haka. Sarkin Dawa, ashe kana nan kana ɓoye kanka!"

Kafin Illo ya kai bakin metro, masu aski da masu sayar da kuɓewa duk sun samu labari. Shekara ta zagayo, wata ta biyo ta, kilishi na tafiya, sunan na girma. A ƙauye kuwa Baba Dodo ya koma zama a gaban majalisa, yana raba wa tsara tsinke-tsinke yana cewa hannun ɗansa ne.

Mataki na 3: Idan tsohon ya ce zai zo, nemi permi

Wannan matakin ba kai kake zaɓar lokacinsa ba. Illo da kansa ya yi ta fafutukar takardu don a kawo ubansa a cire masa yanar ido a wani asibiti na Lyon. Ya yi murna ranar da abin ya tabbata, murnar ba ta kai magariba ba, don tsohon ya rufe wayar da cewa, "In idon ya buɗe, abu guda nike so in gani. Kai, da bindiga, cikin daji."

A nan za ka gane cewa a ƙasar nan ba a shiga kasuwa a ce a ba ka bindiga ta kwana biyu. Sai da permi, wato lasisin farauta, permi kuma sai da jarrabawa. Nemi Bature mai gashin baki a wurin aikinku, kowane wurin aiki akwai guda. Na Illo sunansa Gérard, yana farauta a yankin tafkunan Dombes, arewa da Lyon, kuma ya shekara da shekaru yana neman wanda zai saurari labarinsa. Da Illo ya ce masa shi jikan maharba ne, Gérard ya rungume shi a gaban injin kofi.

Jarrabawar baki ba za ta ba ka wuya ba. Kai da ka ci jarrabawa tun daga Dakoro har Yamai har nan, hoton tsuntsu ne zai kayar da kai? Ta hannu ce abin ji. Za a sa ka tsallake shinge da bindiga ba harsashi, a sa ka nuna ka san inda ba a harbi, sannan a sako maka aladen daji na katako yana gudu a kan dogo. Illo ya rufe ido ɗaya, ɗayan ma ya rufe kansa, ya ja kunama. Ya sami aladen a ɗuwawu, kafaɗarsa ta yi mako tana tsami, amma an ba shi permi.

Mataki na 4: Zaɓi bindigar

Shiga shagon da sallamar Turawa, ka ajiye permi a kan tebur kafin ka buɗe baki. Kai baƙi ne, kana da ɗan gemu, ka zo tambayar bindiga mai cin dogon zango. Bari takarda ta riga ka magana.

Mai shagon zai tambaye ka wace dabba. Ce masa chevreuil. Wata 'yar ƙaramar aba ce, ba ta fi akuya ba, amma a waya barewa ce, kuma barewa za mu ci gaba da kiranta. Daga nan zai shiga zuba maka lambobin harsasai, da nauyi, da nisa, da irin madubin hangen da ake ɗaurawa a sama. Gyaɗa kai kawai. Abu ɗaya za ka kiyaye: kada ka ɗauki mai babban harsashi irin na giwa, don abin da zai rage na barewar ba zai isa miya ba.

Gérard ya nuna wata baƙa ta roba, ya ce ba ta jin ruwa, ba ta jin tsatsa, ita ce ta zamani. Illo ya ɗauke ta ya ajiye. Ya tuna cewa ubansa da hannu zai fara ganin bindigar kafin ido, sai ya rufe idonsa ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, har ya zo kan wata mai sakata, gindinta katako ne mai santsi da ɗumi, kamar ƙotar tsohuwar fartanya. Ita ya ɗauka.

Mai shagon ya dubi Gérard ya rage murya ya ce bai taɓa ganin maharbi na ainihi irin wannan ba. Ka ga amfanin yin shiru.

Kada ka shiga tram da ita. Ko a cikin jaka. Ko ka ce sandar kamun kifi ce. Roƙi Gérard ya kai ka gida a motarsa.

Mataki na 5: Kula da ita

A nan ne za ka yi fice, don kula da bindiga bai buƙatar a kashe kowa.

Ana ajiye ta a akwatin ƙarfe mai makulli, harsasai a wani wuri daban. Gidan haya na Bron ba shi da ɗakin akwatin ƙarfe, saboda haka za a kwashe atamfofin matarka daga kabad. Shirya amsa tun yanzu. Illo bai shirya ba.

Duk ranar Lahadi shimfiɗa tsohuwar jarida, zare sakatar, duba ka tabbata ba komai a ciki, sake dubawa. Zura sandar gogewa daga baya zuwa baki, kada ka yi akasin haka. Ɗiga mai kaɗan a tsumma, ba a kan ƙarfen ba. Man bindiga na ce. Ba man gyaɗa ba, ba man kaɗanya ba, ko da kakanka da shi ya yi aiki har ya koma ga Allah. Goge madubin da ƙyalle mai laushi, kada ka hura masa iska da baki bayan ka ci yaji.

Illo ya kai matsayin da tsatsa ko a mafarki ba ta kusantar bindigarsa. Hassia takan tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu ta ce, "Da haka kake goge murhun nan da muke kilishi, da an ba mu lambar yabo."

Mataki na 6: Fita daji ka gwada, tun tsohon bai zo ba

Sa riga mai ruwan lemo yadda doka ta ce, don kada wani ya ɗauke ka a matsayin dabba. Za a tsayar da kai a gefen kurmi cikin sanyi, a ce kada ka motsa. Za ka ji ƙaho, ka ji karnuka. Da rana za a baje tebur da tsiran alade da jan giya, kai kuma ka ci burodi da cuku kana murmushi, kana cewa likita ne ya hana ka.

A fitar farko aladen daji na gaske ya ɓullo gaban Illo, baƙi ƙirin, yana gurnani. Illo ya yi a'uziyya da ƙarfi, aladen ya wuce abinsa. Ya gaya wa Gérard cewa kusurwar ba ta da kyau, aka yaba masa da taka-tsantsan.

Wata fitar kuma barewar ce da kanta ta fito, ta tsaya cak. Illo ya ɗaga bindiga, ya sa ido a madubi. Abin da mai shago bai gaya masa ba shi ne, madubin nan kusanto da dabba yake yi har ka ga gashin idonta da tururin hancinta. Ya yi bisimilla. Ya sake yi. Yatsan ya ƙi. Barewar ta gama kallonsa ta shige kurmi ba ko gaggawa.

Ranar a mota gaskiya ta fito masa fili. Ya gane cewa ba permi ne ya rasa ba, ba kuma bindiga ba. Shi dai ba zai iya ba, kuma tsoho na nan tafe da ido sabo don ya kalle shi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban alade.

Shawarar masana a wannan gaɓa ita ce ka koma mataki na biyar ka ƙara goge bindigar.

Mataki na 7: Tari tsohonka, ka shirya uzuri

Baba Dodo ya sauka da bazara, cikin babbar riga da rawani, yana riƙe da hannun ma'aikaciyar jirgi. Aka yi aikin ido lafiya. Tun bandeji na fuskarsa ya ce a kawo masa bindigar. Illo ya buɗe akwatin, ya ɗora masa a cinya. Tsohon ya bi ta da yatsu daga baki har gindi, ya ɗaga ta ya auna nauyinta, ya manna kumatunsa a katakon ya daɗe a haka.

"Wagga ta san hannu," ya ce. "Ka iya zaɓe, ɗana."

Hassia ta juya ta shiga kicin da sauri.

Uzurinka mai ƙarfi shi ne lokacin farauta ya wuce, an rufe sai kaka. Gaskiya ne kuma. Amma kafin ka faɗe shi tabbata Gérard ba ya gidan. Illo bai tabbata ba. Gérard ya zo gaisuwa da kwandon 'ya'yan itacen ceri, ya ji ana maganar, ya buga cinya ya ce ai da bazara ana barin a yi kwanton namijin barewa, mutum ɗaya da ɗan rakiyarsa, kuma shi ya riga ya nema wa Illo izini a ƙungiyarsu don girmama baƙo.

"Mi Nasaran ga ya ce?" in ji Baba Dodo.

Kai ne mai fassara. Kana iya cewa komai. Illo ya dubi idon ubansa da aka kwance jiya, yana ƙyalli kamar na yaro, sai ya fassara daidai.

Mataki na 8: Ɗaga bindigar

Je ku da la'asar sakaliya. Gérard zai tsaya a mota. Ku zauna a gefen gonar alkama, kurmi na gabanku, iska na bugun fuskarku. Tsohon ba zai yi magana ba, kuma za ka ga yadda mutumin da ke tuntuɓe da kafet a gidanka ya zauna a ciyawa ko kara bai karya ba.

Da rana ta yi ja, Baba Dodo ya matso ya ɗora tafinsa a kafaɗar Illo. Ya raɗa masa cewa a gidansu haka ake yi: ɗa ba ya zama maharbi sai ya yi harbi hannun uba na kafaɗarsa. Nasa uban ya yi masa, shi kuwa ya ɗauka zai mutu da nasa hannun bai sauke ba.

Sai ga ta. Namiji ne, ja, da 'yan ƙahoni, ya fito yana tsinkar ganye.

Illo ya ɗaga bindiga. Madubin ya riƙa yawo, ya nuna sama, ya nuna ciyawa, ya nuna barewa, ya koma sama. Kafaɗarsa na kaɗawa a ƙarƙashin tafin tsohon, ba kuma yadda za a yi tafin bai ji ba. Gumi ya shiga masa ido. Ya ce a ransa ko dai ya harba ya kuskure, ko ya ajiye ya faɗi gaskiya, duka biyun kuma ƙarshensu ɗaya.

Hannun ya bar kafaɗarsa, ya sauka a kan bindigar, ya danna bakinta ƙasa a hankali.

"Bar shi," in ji Baba Dodo, idonsa na kan barewar. "Bari in kalle shi. Rabona da ganin irinsa tsaye da rai tun kana goye. Mu munka ƙare namu, Illo. Ɗaya ɗaya, har ta ƙarshe, ni na harbe ta."

Suka zauna suna kallo har dabbar ta ƙoshi ta koma. Hawaye na bin sabon idon, likita kuwa ya hana a goge shi da hannu, sai Illo ya ciro tsumman madubi mai laushi ya share masa.

A bakin mota Gérard ya ɗaga hannuwa yana tambayar me ya faru, ai ya hango barewar da madubin hangen nesa, ta tsaya kamar an dasa.

"Hwaɗa mishi laihina ne," in ji tsohon. "Yaro ya sa ta a bakin bindiga, ni na hana shi."

Illo ya fassara. Muryarsa ba ta fita sosai ba, amma ya fassara.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da alhakin komai. Ba ruwansa da atamfar da ta yi warin mai, ko kafaɗar da ta yi tsami, ko sunan da ya bi ka ya ƙi fita. In jandarma sun tsayar da kai, bai san ka ba.

Haka kuma ba ruwansa in tsohonka ya koma gida, ya ga damina ɗaya da sabon idonsa, sannan aka kira ka wata safiya kana labo. Ba shi zai amsa maka wayoyin ta'aziyya ba. Illo shi ya amsa nasa, tsofaffin ƙauye suna karɓar tarho ɗaya bayan ɗaya, kowa na maimaita masa labarin da marigayi ya yi ta ba su a majalisa har makon da ya kwanta: yadda barewa ta fito, yadda ɗansa ya ɗaga bindiga.

"Ya ce hannunshi na bisa kahwaɗarka," in ji na ƙarshensu. "Ya ce shi da ya shekara hamsin yana halbi bai taɓa jin kahwaɗa tsaye kamar taka ba. Ko motsi ba ta yi ba."

In hakan ta same ka, ka ce amin, ka ce na gode, ka ajiye wayar. Abin da za ka yi bayan nan ba ya cikin wannan jagora.